Kafin Ka Tsaya Gaban Mutanen Bakin Ruwa

Ɗana,

Mahaifiyarka ta gaya mini ka gama karatun aikin lafiya a Jega. Ta ce kai da abokanka kuna shirin zagaya garuruwan bakin ruwa, ku faɗakar da mutane kan illar taba. Wai za ku fara daga Yelwa ta ƙasar Yauri, ku bi ta Zamare, ku gangara har Wara, in guzuri ya kai ku haura ƙasar Shanga. Na ji daɗi ƙwarai. Yaron da ya samu ilimi ya fara tuna mutanen gida, ba a yi asarar kuɗin makarantarsa ba.

Sai dai ka ɗan zauna tukuna. Ni gwaggonka na tsufa a aikin jinya, na ga masu faɗakarwa iri-iri. Wasu sukan zo da mota da lasifika, su yi ta magana har maƙogwaro ya bushe. Mutane su saurara cikin ladabi, don mu nan ba ma kunyata baƙo. Ƙurar motar ba ta gama kwantawa ba, sai ka ji ƙarar ashana. Kada ka ce taurin kai ne. An yi musu magana ne ba a san su ba.

To, fara da sanin wanda za ka tsaya a gabansa.

Masunci ne da ya bar gida tun bayan lisha. Ya kwana a kan ruwa cikin hunturu, rigarsa a jiƙe, yana jiran lokacin duba mamari ko jan taru. Sanyi na cizonsa, barci na fizgarsa, cikinsa babu komai sai ɗan gari da ƙuli. Ko direban kwalekwale ne mai ƙetarar da 'yan kasuwa zuwa Rofiya. Ko ɗan kabu-kabu. Ko manomin albasa da ke kwana yana ban ruwa. Ko kuwa yaran nan da ke shiga ramin zinariya a ƙasar Ngaski, su fito fari fat da ƙura. Kowannensu yana da dalilin da zai ba ka, kuma ba na wauta ba. In ka miƙe ka ce masa taba tana kisa, zai gyaɗa kai. A ransa zai ce ai ruwa ma yana kisa, kuma gobe da shi zai wayi gari. Mai hawa kwalekwale kullum ya daɗe da sallama wa Allah ransa. Ba za ka firgita shi da abin da zai zo bayan shekara talatin ba.

Don haka tambaye shi. Bar shi ya faɗi dalilinsa har ya gama. Sa'an nan ka amsa masa a kan abin da ya faɗa, ba abin da ka haddace ba.

Zai ce tana maganin sanyi. Ka ce masa ya taɓa yatsunsa bayan ya gama zuƙa. Nikotin da ke cikin taba yana tsuke ƙananan jijiyoyin jini na fata, jini ya ragu a hannu da ƙafa. Ɗumin da yake ji na hayaƙi ne a baki da ƙirji. Yatsun kuwa ƙara sanyi suke yi. Shayi mai citta a cikin fulas ya fi ta aiki nesa ba kusa ba.

Zai ce tana kwantar masa da hankali. A nan ka yarda da shi, don gaskiya ya faɗa, sai dai rabinta. Nikotin yakan kai ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙa 10 zuwa 20 da zuƙa. A hankali ƙwaƙwalwa ta saba da shi. Bayan awa ɗaya ko biyu ya ragu a jini, sai mutum ya fara jin ƙunci, da saurin fushi, da kasa tsayar da tunani wuri guda. Ya kunna wani kara, ƙuncin ya tafi. Sai ya gode wa taba. Alhali ita ta kawo ƙuncin, kuma sai da ta karɓi kuɗinsa kafin ta ɗage masa shi na ɗan lokaci. Ɗan'uwansa da bai taɓa sha ba yana cikin wannan natsuwar tun safe, kyauta. Ka daɗe a kan wannan bayanin, ɗana, kada ka yi sauri. Na ga dattawa sun yi shiru da suka ji shi. Mutum yana iya jure a ce masa zai mutu, amma ba ya son ya gane ana cin kasuwarsa.

Idan kana so su ga abin da ke faruwa a ƙirji, ajiye zanen huhun da ke littafinka. Kai su gindin banda. Kowa a bakin ruwa ya san yadda bangon banda yake bayan shekara guda, baƙi ƙirin, da danƙo mai manne wa hannu. Kowa ya san yadda tarwaɗa ke shiga da laushinta, ta fito a bushe, ta ƙandare. Mai shan kwali guda a rana banda ya kafa a ƙirjinsa, kuma ba ya barin wutar ta mutu. Daga nan sai ka ɗora musu abin da ka karanto. Hayaƙin taba yana ɗauke da sinadarai sama da 7,000, kuma kimanin 70 daga cikinsu an tabbatar suna haddasa ciwon daji. Allah ya yi wa hanyar numfashi wasu 'yan ƙananan gashi da ido ba ya gani, aikinsu share ƙura da majina su turo waje. Hayaƙi yana kashe musu jiki. Da dare, in mutum ya yi barci bai sha ba, sukan ɗan farfaɗo su kama aiki. Shi ne tarin asubar nan da matan mashaya suka sani sarai. Akwai kuma iska mai guba da ake kira kabon monoksaid, ita ce dai wadda janareta ke fitarwa ta kashe mutane a ɗaki rufe. Tana shiga jini ta tare wurin iskar da jiki ke rayuwa da ita. Zuciya sai ta ƙara gudu don ta cike giɓin.

Sai ka yi masa tambayar da jikinsa zai amsa. Nutson da yake yi yana saurayi, yana iya shi yanzu? Daga bakin ruwa zuwa kasuwa da kwandon kifi a ka, sau nawa yake tsayawa ya huta? Jiki magayi. Wannan asarar ta yau ce, kuma masunci ya san darajar numfashi fiye da ni da kai.

Akwai wata magana da ba a yin ta a taro. Jijiyoyin jinin da taba ke tsukewa ba a yatsu kaɗai suke ba. Likitoci sun tabbatar tana raunana ƙarfin namiji. Ka ja mutum gefe ka faɗa masa. Ni iyakata ke nan, da kunya tsakanina da kai.

A kowane zama za ka samu mai cewa kakansa ya sha lofe har ya shekara casa'in. Kada ka ƙaryata shi. Ka yi wa kakan addu'a. Sa'an nan ka tambaye shi, a hankali, ina abokan shan lofen kakan? Wanda ya daɗe shi ake ba da labarinsa. Waɗanda tari ya ɗauka suna da shekara hamsin, an ce ajali ne, an yi sadakar uku, an manta. Ajali gaskiya ne. Amma wanda ya yi imani da ajali ai bai fasa toshe ɓular kwalekwalensa ba.

Ba daga sama aka samo wannan ilimin ba, kuma yana da kyau su ji yadda aka same shi. A 1950 wasu masana biyu a Ingila, Richard Doll da Bradford Hill, suka fitar da sakamakon tambayoyin da aka yi wa masu ciwon dajin huhu a asibitocin Landan. Kusan duk mazan mashaya taba ne. Doll da kansa yana sha. Da ya ga abin da ke hannunsa ya ajiye ta, ya rayu har shekara 92. Daga 1951 suka fara bibiyar likitocin ƙasar, maza kimanin 34,000, aka yi ta bin su har shekara 50. Aka samu cewa mashayi yakan rasa kamar shekara 10 daga rayuwarsa, kuma kusan rabin waɗanda ba su daina ba ita ce take zama sanadinsu. Ka lura, likitoci ne, masu abinci mai kyau da asibiti a ƙofar gida. Sarkin Ingila George na shida, mahaifin Sarauniya Elizabeth, mashayi ne ƙwarai. A 1951 aka cire masa huhu guda, a 1952 ya rasu yana da shekara 56. In da gata yana hana ta aiki, da ya hana a kansa. Yau Hukumar Lafiya ta Duniya tana lissafin mutum sama da miliyan 7 da taba ke kashewa kowace shekara, kuma fiye da miliyan ɗaya daga cikinsu ba su taɓa sa ta a baki ba. Hayaƙin wani suka shaƙa.

Waɗannan alƙaluman ka riƙe su a aljihu. Ka fito da ɗaya ko biyu in an nema. Wanda ya juye wa mutane lissafi duka a zama guda, da ka kawai za su bi shi.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi damuna, wato kara ɗaya.

Najeriya tana da doka. Ta sa hannu a yarjejeniyar duniya ta taƙaita taba, ta tabbatar da ita a 2005. A 2015 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar ƙasa ta kula da sha'anin taba. Dokar ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta hana sa shi ya sayar. Ta hana sha a wuraren taruwar jama'a irin su asibiti da makaranta da motar haya. Ta ce sai dai a sayar da kwali cikakke mai kara 20, ban da tsinka. Daga 2021 kuma aka wajabta buga hoton cuta a jikin kwali, ya cinye aƙalla rabinsa, don mai saye ya gani da idonsa. Dabara ce mai kyau. Amma je ka tsaya wurin mai tebur a tashar jirgin ruwa, ka duba. Mutum nawa ne ke sayen kwali? Kara ake zaro masa, a miƙa masa ashana. Kwalin da hoton suna cikin akwatin mai tebur. Gargaɗin da aka yi don talaka, talaka bai gan shi ba. Rubutun kuma da Turanci yake. Ka ga ke nan aikin da doka ta ɗora wa kwali, a ƙasarmu baki ne zai yi shi. Bakinka da na abokanka.

Kara ɗaya shi ne ƙofar yaro. Ba shi da kuɗin kwali, amma yana da canjin aike. Kuma sau da yawa a gida ake buɗe masa ƙofar, ba da mugun nufi ba. Uba ya ce, je ka sayo mini. Ko ya ce, kai wa murhu ka kunno mini. Yaro ya ɗora garwashi, ya ga wutar za ta mutu a hanya, ya ɗan ja sau ɗaya don ta kama. Somin taɓi ke nan. Yawancin mashaya tun ba su kai shekara 20 ba suka fara, kuma ƙwaƙwalwar yaro ta fi saurin kamuwa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma taba ma ta san wannan karin maganar.

Saboda haka, in ka samu uba mashayi, kada ka fara da neman ya daina. Roƙe shi abu biyu masu sauƙi. Ya daina aiken yaro, kuma ya daina sha a cikin ɗaki. Ban taɓa ganin mashayin da yake so ɗansa ya gaje shi ba. Ko wanda ya fi kowa gardama, in ka ce masa kana so a koya wa autanka, sai ka ga fuskarsa ta sauya. Ta nan ake shiga.

Mai tebur kuma kada ka je masa da barazanar doka. Kai ba ɗan sanda ba ne, shi kuma abincin 'ya'yansa yake nema. Ka gaishe shi, ka sayi ko alewa. Ka roƙe shi alfarma guda, cewa yaro in ya zo, ko an aiko shi, ya ce babba ya zo da kansa. Mai tebur ɗaya da ya yarda da wannan ya fi fosta ɗari a jikin bango.

Maganar kuɗi ka bar su su yi lissafin da kansu. A ce kara naira 50 ne, mutum yana shan goma a rana. Naira 500 ke nan. A wata 15,000. A shekara ta haura 180,000. Kai dai ka tsaya a nan, ka tambaye su nawa ake sayen sabuwar koma, nawa ne buhun taki, nawa ne rigar kariya daga nutsewa. Za ka ji wani ya yi salati. Kuɗin kuma ba a Yauri suke kwana ba. Tun 1959 kamfanin taba ya kafa masana'anta a Zariya, a 2003 kuma British American Tobacco ya buɗe babbar masana'antarsa a Ibadan. Har sai da gwamnatin Kano da ta Legas suka kai kamfanonin taba kotu a 2007, suna neman kuɗin jinyar mutanensu. Wannan shari'ar manya ce. Kai dai ka nuna wa masunci inda guminsa yake tafiya.

Ka kula da harshe. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ya tashi, aka sauya wa dubban mutane matsuguni, bakin tafkin nan ya zama mahaɗar jama'a. Ga Gungawa, ga Kambari, ga Lopawa, ga Shangawa, ga Dukawa, ga Sarkawa, ga Nufawa da Zabarmawa da suka biyo kifi. Kowa yana jin Hausar kasuwa. Amma maganar da ta shafi jiki da iyali ta fi zama a harshen da uwa ta yi wa mutum rarrashi da shi. A kowace tunga ka nemi ɗan gari ya tsaya kusa da kai. In ka samu wanda ya sha ya daina, to ka samu zinariya. Ba shi wuri ya yi magana, kai ka koma gefe.

Kada ka manta da mata, ko da yake ba kai za ka shiga wurinsu ba. Ku tafi da 'yan'uwanku mata da kuka yi karatu tare. Binciken da aka yi a Najeriya a 2012 ya nuna namiji ɗaya cikin goma yana amfani da taba, mace kuwa kamar ɗaya cikin ɗari. Sai a ɗauka mata sun tsira. Ina fa. Matar masunci ta yini a gindin banda tana shaƙar hayaƙin icce. Ta shiga ɗaki da dare, maigida ya ƙara mata da nasa, ga jariri a kwance cikin gidan sauro, taga a toshe saboda sanyi. Yaran irin wannan ɗakin su ne ke yawan zuwa mana da ciwon haƙarƙari, da asma, da ciwon kunne mai ruwa. Mai ciki kuma takan haifi ɗa ƙarami, wani lokaci bakwaini. Uban yana son su, shi ne ma zai sayar da kifinsa ya sayi magani. Bai dai taɓa haɗa wannan da wancan ba, don ba wanda ya haɗa masa.

Sai iyayenmu tsofaffi masu taba gari. Ana haɗa ta da kanwa a cusa a leɓe, ko a shaƙa a hanci. Da can ma mata har furen taba suke goga wa haƙora da goro don ado. Su a ganinsu ba taba suke sha ba, tun da babu hayaƙi. Wasu ma don ciwon haƙori suka fara. Nikotin ɗin dai yana nan, kuma inda garin ke kwanciya nan gyambo ke fitowa. Tana jawo dajin baki da na maƙogwaro, tana cinye dasashi. Tsohuwa ba a yi mata wa'azi, ɗana. Ka durƙusa ka gaishe ta. Ka roƙi ta bari a duba bakinta. Duk farin tabo ko gyambon da ya wuce mako biyu bai warke ba, a kai ta asibiti.

Tsaranka na cikin gari kuma shisha ce ta shigo musu. Tana ƙamshin tuffa da na'ana'a, ana sha a ɗauki hoto. Suna cewa ruwan tulun yana tace gubar. Ba ya tacewa, sanyaya hayaƙin kawai yake yi, sai a ja shi can ƙasan huhu ba tare da ya shaƙe mutum ba. Zaman awa guda a kanta, yawan hayaƙin da ake zuƙa yana iya kai na kara ɗari. Ga gubar gawayin da ke samanta. Ga bututu ɗaya yana yawo daga baki zuwa baki. Waɗannan kai ka fi ni sanin yadda za ka yi da su. Abin da na sani kawai, saurayi ya fi jin tsoron a ce bakinsa yana wari da a ce zai yi ciwo.

Kafin ka tara kowa, je ka gaida masu gari. A Yauri ba a tsallake manya. Ka fara da hakimi da dagaci, a bakin ruwa kuma da Sarkin Ruwa, don maganarsa guda ta fi taka goma a wurin masunta. Kun yi sa'a ma, Mai Martaba Sarkin Yauri, Dakta Muhammad Zayyanu Abdullahi, malami ne da ya shugabanci Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato kafin ya hau karaga. Fadar da ta san darajar ilimi ba ta da wuyar shiga ga mai ɗauke da shi. Ku nemi a ba ku ɗan lokaci ranar bikin Rigata, sa'ad da jama'a suka cika bakin kogi suna kallon tseren kwalekwale. Babu ranar da ta fi wannan dacewa da maganar numfashi. Ranar 31 ga Mayu ita ce ranar yaƙi da taba ta duniya, ku yi amfani da ita in ta samu. Amma ranar kasuwa ta fi ta tara muku mutane.

Malamai kuma ka je musu da ladabi, ka kai musu ilimin likita, ka bar musu hukunci. Gardamar taba tsohuwa ce a ƙasashenmu. Tun farkon ƙarni na 17 malamai suke saɓani a kanta. Shehu Ahmad Baba na Tambutu, da girmansa, yana cikin waɗanda suka ga halascinta, don a zamaninsa ba wanda ya san abin da take yi wa huhu. Da hujja ta bayyana, malamai da yawa na wannan zamani suka koma ga haramci, saboda cutar da kai da cutar da maƙwabci da ɓarnar dukiya. Huɗuba ɗaya ta Juma'a za ta kai inda ƙafarka ba za ta kai ba. Haka nan ka je wa fastoci a garuruwan da ke da coci. Huhu bai san addinin mai shi ba.

Abu biyu na kan ruwa, ka faɗe su a taƙaice. Na farko, kwalekwale mai inji yana tafe da jarkar fetur, kuma tururin fetur ba ya buƙatar fiye da ƙyastu ɗaya. Ku roƙi shugabannin direbobi su hana kunna taba a cikin jirgi. Wannan ko mashayi zai goyi baya. Na biyu, guntun da ake jefawa a ruwa. Audugar gindinsa roba ce, ba ta narkewa da wuri, kuma guba ce a tattare da ita. Wani gwaji da aka yi a Amurka ya nuna guntu ɗaya a cikin lita guda ta ruwa ya kashe rabin ƙananan kifin da aka sa a ciki. Amma kada ka ce musu guntun taba ne ya rage kifi a Kainji. Sun fi ka sanin abin da ya rage shi. In ka yi ƙari a abu ɗaya, za su zubar da sauran gaskiyarka duka.

To, a ce wani ya biyo ka bayan taro. Ya sunkuyar da kai, ya ce, malam, ni fa ina so in bari, na kasa. Wannan shi ne mutumin da ka fito dominsa. Kada ka sallame shi da Allah ya sawwaƙe kawai.

Fara da yi masa albishir, don akwai shi. A binciken likitocin nan na Ingila, wanda ya daina yana ɗan shekara 30 ya tsira da kusan duk shekarun da zai rasa. Mai 40 ya ceto kamar 9, mai 50 ya ceto 6, mai 60 ma ya ceto 3. Jiki ba ya riƙo. Cikin yini guda iskar nan mai guba take barin jini. Cikin 'yan makonni numfashi ya fara buɗewa. Bayan shekara guda haɗarin ciwon zuciya ya ragu da kusan rabi.

Sa'an nan ka gaya masa wuyar, don kada ta zo masa ba shiri. Kwana ukun farko su ne masu zafi. Zai yi fushi ba dalili, barci ya ƙi, kai ya yi nauyi, ci ya ƙaru. Tari ma yana iya ƙaruwa na ɗan lokaci, ƙirji ne ke shara. Yawanci cikin mako biyu zuwa huɗu abin yake lafawa. Ƙwaɗayin kuma zuwa yake yi ya wuce, 'yan mintuna ne. In ya taso, ya sha ruwa, ya sa asuwaki a baki, ya tashi daga inda yake zaune. Ya sa rana, ya gaya wa matarsa da abokin jirginsa, don su yi masa uzuri in ya yi faɗa. Ya fitar da ashana daga aljihu. Ya ɗan ƙaurace wa teburin mai shayin da ya saba kunnawa. In Musulmi ne, tuna masa cewa kowace shekara yana yin wata guda ba ya sha daga asuba zuwa magariba, kuma bai mutu ba. Abin da ya rage masa daren ne. Azumi lokaci ne mai kyau na sa rana. Akwai kuma cingam da filasta masu ɗan nikotin da ke rage wuyar, a manyan kantunan magani na birane ake samu, ma'aikacin lafiya ya nuna masa yadda ake amfani da su.

In ya koma, kada ka ɓata fuska. Yawancin waɗanda suka rabu da ita sai da suka faɗi suka tashi ba sau ɗaya ba. Sannu ba ta hana zuwa. Ranar da ya ji kunyar haɗa ido da kai, ranar ka rasa shi. Ka gaishe shi kamar kullum, ka tambaye shi me ya ja shi, ku sake sa rana.

Kuma ka kasa kunne ga tari a duk inda ka zauna. Mashaya sukan ce ai tarin taba ne, su yi shekara suna jan shi. Taba tana kusan ninka haɗarin kamuwa da tarin fuka, balle ga masu haƙar zinariya da ƙurar dutse ta riga ta ci musu huhu. Duk wanda ya wuce mako biyu yana tari, ko yana rama, ko gumin dare, ko ya ga jini a kaki, ka rubuta masa takarda ya tafi babban asibitin Yelwa ko na Wara. Gwajin kaki da maganin tarin fuka kyauta ne a asibitocin gwamnati, wata shida ake sha, kuma ana warkewa. In aka gwada ba shi ba ne, tarin kuma bai tsaya ba, kada a koma gida a zauna. A nemi hoton ƙirji, ko da sai an kai Birnin Kebbi ko asibitin koyarwa na Sakkwato. Ka karɓi lambar wani ɗan'uwansa, bayan mako guda ka kira ka ji ko sun je.